Agwagi Sun Faɗa, Mu Ne Ba Mu Ji Ba

A wajen muhawarar da ƙungiyarmu ta shirya kwanan baya, wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce wai zancen haɗa ƙwayoyin halitta masu rai da na'urorin lantarki ba namu ba ne, wasan ƙoshi ne na Turawa, mu da ke fama da ruwan sha ina ruwanmu da shi. Aka yi ta tafi har da buga tebur. Wani kuma daga baya ya ɗaga murya ya ce ai duk aikin Dujal ne. Na biyun ba zan ɓata tawada a kansa ba, domin na san kakarsa ma tana auna suga. Na farkon ne nake so mu yi ta da shi, don maganarsa ta yi kama da ta hankali, irinta kuwa ta fi saurin shiga kan ɗalibi.

Bari mu fara daga gida. A Tudun Wada, nan cikin Sakkwato, inda na tashi, in ka shiga kantin magani za ka tarar da 'yar na'urar awon suga wadda ba ta kai tafin hannu ba. A soki yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinke, kafin ka gyara zama lamba ta fito. To, me ke kan tsinken nan? Wani sinadari ne da aka tatso daga jikin ƙananan halittu, shi ke cin sugan da ke cikin jini, yana ci yana sakin lantarki ɗan kaɗan, na'ura kuma tana ƙirgawa. Wani Ba'amurke, Leland Clark, shi da abokin aikinsa suka fito da wannan dabara a 1962. Watau abin da ɗan'uwanmu ya kira wasan ƙoshi yana nan cikin jakar tsofaffin unguwarmu, kusa da goro.

Na yarda, abin da ke kan tsinken nan ba shi da rai, tsame shi aka yi daga mai rai. Amma taki ɗaya ne tsakani, kuma an daɗe da yin takin. A 1977 Isao Karube da abokan aikinsa a Japan suka manna ƙananan halittu, da ransu, a bakin tsinken lantarki mai auna iskar oksijin. In an tsoma shi a ruwa mai ƙazanta, sai halittun su hau ci, in suna ci sai su ƙara shaƙar iska, tsinken kuma ya nuna yawan iskar da ta ragu. Awon da a da sai an jira kwana 5 ya dawo bai kai awa guda ba. A 1991 Peter Fromherz a Jamus ya ɗauki ƙwayar jijiya guda ta matsattsaku, i, matsattsakun nan na fadama, ya ɗora ta a kan taransisto, ya ga motsin lantarkinta yana fitowa a na'ura.

Na san abin da ya ruɗi ɗan'uwanmu. Labaran da ke zuwa mana ta waya na ban mamaki ne kawai: a 2022 kamfanin Cortical Labs na Melbourne a Ostareliya ya reni ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen 800,000 a kan faranti mai wayoyi har suka koyi buga wasan Pong, sa'an nan a Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa na'urarsa a kan mutum na farko. Wanda iyakar abin da ya ji ke nan, ba laifinsa ba ne in ya ce ina ruwan biri da gada. Amma ɗalibin jami'a ne fa, ba a yafe masa tsayawa a kanun labari.

Yanzu ku biyo ni Zamfara, wadda har 1996 cikin Jihar Sakkwato take. A farkon 2010, a ƙauyukan da ake haƙar zinariya a yankunan Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara mutuwa har suka ɓace daga tsakar gidaje. Ba wanda ya kula, agwagwa ce, nawa take? Ba a jima ba yara ƙanana suka shiga suma da farfaɗiya suna mutuwa a 'Yargalma da Dareta da maƙwabtansu. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ɗebi jinin wasu yara aka kai shi har Jamus, sa'an nan aka tabbatar gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake daka da niƙa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Jama'a, ku tsaya ku duba wannan al'amari da kyau. Agwagwa tana kiwo da baki a cikin ƙasa da kwatami, don haka jikinta ne ya fara jin gubar, tun kafin likita, tun kafin gwamnati. Abin da aka rasa shi ne mai karanta saƙon. To, ilmin nan da ake yi wa dariya, gaba ɗayansa ba kome ba ne illa wannan: a ɗauki mai rai wanda Allah Ya hore wa jin guba, a haɗa shi da na'urar da za ta mai da abin da ya ji zuwa lamba, yadda ma'aikacin lafiya na ƙauye zai karanta nan take, ba sai jini ya hau jirgin sama ba.

Kuma kada wani ya ce mafarki nake yi. Masana a Lausanne ta ƙasar Suwizalan sun gyara wata bakteriya yadda in ta haɗu da gubar asinik sai ta ba da haske, 'yar na'ura ta auna ƙarfin hasken, an kuma gwada ta a ruwan rijiyoyin Biyetnam da Bangaladash. Ita dalma ma akwai bakteriyar da ta san ta, wadda aka fara samowa a tankin wata masana'antar tutiya a Beljiyam, kuma da gadonta masana suka ƙera irin wannan ma'auni a ɗakunan bincike. Bangaladash dai ba ƙasar 'yan ƙoshi ba ce.

Akwai inda zan sassauta wa abokin gardamata, domin gaskiya ba ta ɓuya. Abu mai rai yana mutuwa. Bakteriyar da aka rena a sanyin Turai, in ka kawo ta Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, ga wuta ba tabbas, ba lalle ta kai la'asar ba. Awonta bai kai na manyan injunan ɗakin bincike daidaito ba, kuma halittar da aka sauya wa gado ba a zubar da ita a kwata yadda aka ga dama. Duk na yarda. Amma wa kuke tsammani zai zauna ya warware matsalar zafin Sakkwato? Mutumin Lausanne da bai taɓa ganin bazara ba? Waɗannan nakasu hujja ce a kanmu, su ne aikin da ya rage, kuma ba inda za a yi shi sai inda zafin yake.

Matsalar kuma ba ta wuce ba. A 2015 gubar dalma ta sake kashe yara a Shikira ta Jihar Neja. A 2024, a Ƙaramar Hukumar Isa ta jiharmu, aka ga yara cikinsu na kumbura, hukumar NCDC ta ba da sanarwar cewa an ga dalma a jinin waɗanda aka fara gwadawa. Ban ce ruwan Tudun Wada da guba ba, kada a yi mini ƙage. Abin da na ce shi ne, ɗan garuwa zai turo kurarsa ƙofar gidanmu, mu sayi jarka, mu ɗaga ta a hasken rana mu ga ruwa garau mu ce alhamdu lillahi, alhali dalma ba ta canza wa ruwa kama, ba ta da wari.

An kafa jami'ar nan tun 1975. Muna da masu nazarin ƙananan halittu, muna da masu kimiyyar lantarki, ga asibitin koyarwa a cikin gari. Ina roƙon malamanmu, Allah Ya ƙara musu girma, a shekara mai zuwa a haɗa ɗalibi ɗaya daga wancan sashe da ɗaya daga wannan a kan aikin kammalawa guda: tsinken Karube, da halittun da aka ɗebo daga fadamar Rima, a gwada ko zai jure zafinmu na mako ɗaya ba firji. Mu kuma 'yan Hausa mu ɗauki namu kason, mu rubuta takardar bayanin yadda ake amfani da shi, da boko da ajami, yadda ungozoma a Isa za ta karanta ta gane. Ɗan'uwan da ya sha tafi kuwa, Edita ya yi mini alkawarin ba shi shafi biyu a fitowa ta gaba, ina jiran abin da zai ce game da agwagin Dareta.