A Koya wa Yara Alheri da Hannunsu

Akwai wata al'ada da ta bazu cikin makarantunmu a wannan zamani, musamman na manyan garuruwa, wadda a ido ta ke da kyau ƙwarai, har mutum ya ji nauyin ya kushe ta. In ƙarshen zangon karatu ya matso, sai a rubuta wa iyaye takarda, a ce kowane yaro ya zo da kuɗi kaza, ko sabulu, ko mudun shinkafa, za a kai gidan marayu ko asibiti. Ran da aka sa, sai a ɗauko mota, a zaɓi yaran da rigarsu ta fi fita, a je a jibge kayan, a tsaya bayansu a ɗauki hoto, a komo. Shi ke nan, an gama aikin taimako na shekara. Ba mu tuhumar niyyar malaman da su ke shirya wannan, marayun da suka sami sabulu kuwa lalle sun amfana. Amma muna so malamai da ma'aikatan ofisoshin ilmi su tsaya su tambayi kansu, shin me yaron ya koya?

Yaran da mu ke nufi su ne na tsakiya, watau waɗanda suka fita firamare, ba su kai babbar sakandare ba, masu shekara 12 zuwa 15 ko kusa da haka. A da, makarantarsu ita a ke kira Midil. Wajen 1930, bayan an haɗa sashen ilmi na Arewa da na Kudu a 1929, aka tsara karatu mataki mataki, yaro ya fara da elemantare, in ya yi ƙwazo a kai shi Midil a babban garin lardinsu, ya kwana can ya tashi can, En'e na ɗauke da nauyinsa. Cikin shekarun 1950 aka juya waɗannan makarantu suka zama sakandaren lardi. Midil ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa ta yau, ta Zariya ita ce Alhudahuda, ta Sakkwato kuwa Nagarta. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, kafin a naɗa shi hakimin Rabah. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi har ya zama hedimasta, can kuma Aminu Kano ya fara aikin malanta a 1942. Shehu Shagari ya yi karatu a ta Sakkwato, daga baya ya komo cikinta yana koyar da kimiyya.

Ba mu kawo wannan don mu ce zamanin da ya fi na yanzu ba. Midil ta ɗauki yara kaɗan ne ƙwarai, maza kuma, ta bar dubbai a baya. Abin da mu ke so a lura da shi shi ne, mutanen wancan lokaci sun san cewa a waɗannan shekaru hali ya ke kafuwa, saboda haka suka sa mafi ƙwazon waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina su zauna da yaran, a aji da filin wasa da ɗakin kwana. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yau nauyin ya fi na da faɗi nesa. Tun 1982 aka fara tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne, ga namiji da mace. Watau abin da a da a ke yi wa 'yan ƙalilan, yanzu hakkin kowane yaro ne.

To, mu leƙa cikin aji mu gani. A makarantun gwamnati da yawa yara sun yi wa ɗakin yawa, waɗansu bisa benci, waɗansu a ƙasa. Malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a buga ƙararrawa, wani malam ya shigo ya share ya cika da nasa. Duk hankali yana kan jarrabawar ƙarshen aji uku. Yaro ya kan yi wuni guda ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa, ba wanda ya danƙa masa amanar ko da tsintsiya. Wanda ya yi shekara uku a haka ya kan fito da littattafai cike da rubutu, amma bai taɓa jin cewa akwai wani abu a duniya da zai lalace in shi bai tashi ba. Wannan giɓi ne ayyukan bayan aji ya kamata su cike, aikin taimakon jama'a kuwa shi ne babbansu. Don haka ne mu ke jin takaici in aka mai da shi bikin rana ɗaya.

Taimakon da a ke tarawa daga aljihun iyaye yana da aibu uku. Na farko, yaron ɗan aike ne kawai a ciki. Ubansa ya fitar, malam ya karɓa, shi bai rasa kome ba, bai gaji ba, saboda haka sai ya ɗauka alheri abu ne na masu kuɗi, wanda zai jira sai ya yi arziki kafin ya fara. Na biyu, cikin ajin nan akwai wanda ya zo bai karya kumallo ba, akwai marayan da kakarsa ke riƙo da kuɗin ƙuliƙuli. In monita ya miƙe yana kiran sunayen waɗanda ba su kawo ba, to, an kunyata matalaucin da ke cikin ɗaki don a taimaki wanda ke nesa. Har akwai mai fashin makaranta a makon don gudun wannan kunya, a makarantar da doka ta ce kyauta ce. Na uku, yara su kan koyi kallon mabukaci kamar abin nuni. Mu kuwa a gidajenmu an hore mu da cewa in za a kai wa maƙwabci tuwo, a kan rufe akushi, a kan kuma aika da shi bayan magariba.

Hanyar gyara tana nan cikin al'adarmu, ba sai an aro ta ba. Manomi in aiki ya fi ƙarfinsa ya kan kira gayya, samari su taru da fartanyoyinsu su gama masa noma cikin yini guda, gobe a koma gonar wani. Haka a ke yi wajen yaɓen ɗakin tsohuwa da yasar rijiyar unguwa. A gayya ba a tambayar abin da ke aljihun mutum, ɗan sarki da ɗan talaka kunya ɗaya su ke bi, wanda ya yi lalaci kuwa kowa na ganinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro mai shekara 13 ba shi da kuɗi, amma yana da ƙarfi, yana da lokaci, ya kuma iya karatu da lissafi, abin da mutane da yawa a unguwarsu ba su samu ba. Daga cikin waɗannan ya kamata kyautarsa ta fito.

Ga misali. Hamada na matso mu daga arewa, har Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa katangar itatuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti. Dasa icce ran biki abu ne mai sauƙi, raya shi cikin bazara shi ne aiki. In aji mai yara 60 ya shigo, a ba kowane yaro dalbejiya ɗaya ko zogale, a bakin hanyar kasuwa ko harabar asibitin gari, a rubuta sunansa a littafi, shi zai yi mata shinge saboda awaki, shi zai ba ta ruwa har damina ta sauka. Ran da zai fita aji uku ya miƙa ta ga wani sabon shiga. Ga kuma ramukan da ruwa ke kwantawa cikinsu a unguwa, inda sauro ke ƙyanƙyasa ya kawo zazzaɓi. Malamin kimiyya ya fita da yara su ɗebo ruwan cikin kwalba, su ga tsutsar da idonsu, sa'an nan su cike ramin. Gani ya kori ji. Haka nan a kowace unguwa akwai yaran da ba su shiga aji ba, 'yan talla da almajirai da masu kiwo. Cikin shekarun 1950 an yi Yaƙi da Jahilci a Arewa, manya suka koyi karatu a zaure da gindin itace. Me zai hana 'yan aji biyu da uku su ba da sa'a ɗaya a mako, da yardar iyaye da malaman allo, su koya wa tsararsu baƙaƙe da ƙidaya? Mai koyarwar ma karatunsa zai daɗa zama.

Za a ce mana wannan zai ci lokacin darasi, ga jarrabawa na tafe. Amsarmu ita ce, in an tsara shi da kyau shi kansa darasi ne. In makaranta na da gona, yara su auna faɗinta da tsawonta, su lissafta iri da taki, su riƙe littafin shiga da fita. In an girbe gyaɗa an sayar, su zauna su yi shawara da kansu, a sayo wa wane littafi, ko a ɗinka wa wance riga, ba tare da an ambaci suna a fili ba. Ma'ajin aji ya miƙe ya karanta lissafi gaban kowa, har kwabo. Wasiƙar da za a kai wa mai unguwa ta neman izini, su za su rubuta ta a darasin Hausa ko na Turanci. Yaron da ya saba tun yana ƙarami da cewa kuɗin jama'a a kan ba da bayaninsu, ba zai ji baƙon abu ba ran da aka danƙa masa makullin baitulmali. A Japan har yau yara su ke share ajinsu, su ke raba wa junansu abincin rana, ba kuwa wanda ya ce karatunsu ya ragu.

Akwai kuma wani tsoro na iyaye wanda ya fi wannan tushe, ba za mu ɓoye shi ba. Sun ga inda aka mai da yara leburori, a tura su gonar malam ko ɗebo wa matarsa ruwa, a kira shi aikin makaranta. Sun ga inda yankan ciyawa ya zama horon mai makara, har yaro ya tashi yana ƙin lauje kamar bulala. A Tanzaniya, Julius Nyerere ya fito da manufar ilmi don dogaro da kai a 1967, aka ce makarantu su yi gonaki. A nan Nijeriya ma an ƙarfafa gonakin makaranta lokacin shirin ciyar da ƙasa na 1976. Manufa mai kyau ba ta tsira sai da ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa gajera ce. Kada a yi horo da aikin taimako. Kada amfaninsa ya shiga gidan malami ko na hedimasta. Malam ya riƙe fartanya tare da yara, kada ya tsaya a inuwa yana nuni da sanda. Kada a kai yara inda ba tsaro, ko a sa su aikin da ya fi ƙarfinsu, ko su shiga ƙazanta hannu tsirara. 'Yan mata kuma a ba su shugabanci da riƙon littafin kuɗi kamar yadda a ke ba maza, kada rabonsu ya tsaya ga shara.

Ku kuma ma'aikatan ofis, magadan akawunan En'e tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kuna da hannu a ciki fiye da yadda ku ke zato. Malami mai himma sau da yawa a bakin tebur ɗinku ya ke karaya. Ya rubuto yana neman ɗan fili bayan makaranta, ko dashen itatuwa daga sashen gandun daji, ko shebur goma, takarda ta kwanta cikin fayil har damina ta wuce. Abin da ya ke nema ba ya buƙatar kasafi mai yawa, sa hannu ne da buga hatimi a kan lokaci. Masu duba makarantu kuma, in kun je rangadi, bayan kun ƙirga yara kun duba rajista, ku tambayi hedimasta wane aiki yaransa suka yi wa garin a wannan zango, ku ce a kai ku ku gani. Abin da mai duba ya saba tambaya, shi makaranta ta kan saba yi.

Iyaye masu hali da su ke son su aika wa marayu da shinkafa, ƙofa a buɗe ta ke, ladansu na nan. Amma wannan sadakar uba ce, a bar ta a matsayinta, kada a rubuta ta a littafin makaranta a ce yaro ya koyi tausayi. Yaran da ke zaune a ƙaramar sakandare yau, nan da shekara ashirin su ne za su riƙe asibiti da kotu da ofishin albashi, mu kuwa a lokacin mun tsufa, a gabansu za mu yi layi. Irin hannun da za su karɓe mu da shi, yanzu a ke ƙera shi. Muna roƙon kowane hedimasta ya tara malamansa kafin zango mai zuwa ya kama, su zaɓi aiki ɗaya tak wanda garinsu ke bukata, yara kuma za su iya, su riƙe shi har shekara ta zagayo. Allah ya ba malamai haƙuri, ya sa yaranmu su zama masu amfani ga jama'a.