Kada a Yi Watsi da Tsohuwar Gadar Onitsha

Tun da aka buɗe sabuwar gadar Kogin Neja a watan Mayun 2023, hankalin mahukunta ya karkata daga tsohuwar gadar ƙarfen da ta haɗa Asaba da Onitsha. Wannan sakaci yana da hatsari.

Kamfanin Dumez na Faransa ne ya kammala gadar a 1965, kuma Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya buɗe ta gab da juyin mulkin Janairun 1966. A 1967 dakarun Biyafara suka karya wani sashenta domin tare sojojin tarayya. Da aka gyara ta bayan yaƙin basasa, sai ta zama shaidar sulhu.

A bakinta unguwar Fegge take, kuma ta kanta ne shanu da albasa da wake daga Arewa suka daɗe suna isa kasuwannin Gabas. Har yau manyan motoci na bi ta kanta, alhali tsatsa ba ta jiran a zartar da kasafin kuɗi.

Wajibi ne Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta ware kuɗin duba ƙarafunanta da yi musu fenti a kowane kasafi, ta kuma ƙayyade nauyin motocin da ke hawa. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa kuwa ta sanya gadar cikin kayan tarihin da doka ke karewa. Jami'an da ke tsara kasafi a Abuja su tuna cewa rigakafi ya fi magani.