Kafin ka saya, juya ta ka duba bayanta

Akwai wata magana da ke yawo tsakaninmu ɗalibai, daga Yamai har Damagaram, kuma lokaci ya yi da za mu kira ta da sunanta: ƙarya ce. Maganar ita ce, “Ɗauki wagga siririyar ko da ba ta da ƙarfi, in bursu ta fito sai a canza maka furosesa.” Mai shago yana faɗi, abokinka da ya raka ka yana gyaɗa kai, kai kuma kana shafa murfinta kana jin daɗin yadda ba ta da nauyi. Ɗan uwa, in dai irin ƴan siraran nan ne da muke rububi, furosesar da ka saye ta da ita, da ita za ta mutu.

Furosesa ita ce ke yin lissafin duk abin da ka sa kwamfuta. A da, a yawancin kwamfutocin hannu, tana zaune ne cikin wani gurbi a kan babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira kart mer. Ka juya bis guda, ka ɗaga ta, ka sa wata. Ƙarni na huɗu na Intel, wanda ya fito a 2013, shi ne na ƙarshe da aka yi wa kwamfutocin hannu irin wannan gurbi. ThinkPad T440p da Dell Latitude E6440 suna cikin na ƙarshen. Daga nan sai aka koma liƙe furosesa da dalma, ɗaruruwan ƴan ƙwallaye ƙanana a ƙarƙashinta, ta zama ɗaya da allon. Ka duba lambarta: in ka ga harafin U a ƙarshe, kamar i5-4300U ko i5-6300U, liƙaƙƙiya ce. E, akwai gwanayen da ke da injin zafi da za su iya ɓamɓaro ta. Amma aiki ne na kasada, kuɗinsa ya kusa na wata kwamfutar, kuma in allon ya ƙone babu wanda zai biya ka.

Wannan liƙi yana da tarihi. A watan Janairun 2008 Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a, duniya ta yi tafi. A 2011 Intel ta fito da sunan Ultrabook, sauran kamfanoni suka shiga tseren sirantaka. Kowane milimita da aka rage, da wani abu aka biya shi. Gurbi yana cin wuri, sai aka cire gurbi. Aka liƙe RAM, wato ma'ajin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take kai. Aka manne batir da gam. Daga baya aka kai hannu ga diskin ajiya kansa: MacBook ɗin 2015 da MacBook Air daga 2018 duk ajiyarsu a liƙe take. Ni da nake karatun harshe, kalmomin tallar su suka fi ba ni haushi. Za a ce maka siririya, marar nauyi, ta zamani. Kalmar da ta fi kowace muhimmanci, wato rufaffiya, ba za ka gan ta a kwali ba.

Ga wanda aka ƙera wa abin, lissafin ya fita. Ma'aikaci a Faransa ko Amurka yana aiki cikin sanyin ofis, yana da garanti, bayan ƴan shekaru kamfaninsa ya ba shi sabuwa. Mu fa? Mu ne masu karɓar ta bayan ta gama wancan aikin, ta biyo jirgin ruwa da mota ta iso Katako ko kasuwar Maraɗi da sunan okaziyo. Ta tarar da zafin Afrilu da ya haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe ƴar fankarta, da wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Siririya ba ta da wurin fitar da zafi, don haka furosesar da kanta take rage gudu kada ta ƙone. Shi ya sa za ka ga mutum da i7 a rubuce, amma da rana tsaka tana jan ƙafa kamar jakin da ya sha kaya. Kallon kitse muke yi wa rogo.

Abin takaicin ma, yawancinmu ba furosesa ce matsalarmu ba. Mai rubuta memuwar, mai karanta PDF, mai ɗan lissafi a Excel, i5 na shekara goma baya ya ishe shi. Abin da ke sa kwamfuta nawa wajen tashi da buɗe fayil shi ne tsohon diski mai juyi, wanda da ƙyar yake wuce mega 100 a daƙiƙa. SSD na SATA yana kai mega 500 da ɗoriya, kuma ba shi da allurar da za ta yi ta laluben fayil. Ka cire wancan ka sa wannan, ka ɗaga RAM daga giga 4 zuwa 8, wallahi sai ka rantse wata aka ba ka. Wannan shi ne ƙarin ƙarfi na gaskiya, kuma shi ne aljihun ɗalibi zai iya. Sai dai yana buƙatar ƙofa. ThinkPad X230, alal misali, ƙarama ce, inci 12.5, ita ma furosesarta a liƙe take, amma tana da gurbin RAM biyu da za su ɗauki giga 16, diskinta kuma bis ɗaya ke riƙe da shi. Ashe ana iya yin ƙarama ba tare da an toshe ta ba.

Mafi muni su ne ƴan ƙyalƙyalin nan masu araha da aka rubuta wa eMMC 32 GB ko 64 GB. Wannan ajiya ƴar guntuwa ce a liƙe kan allo. Windows 11 kaɗai giga 64 take nema. Ka saya yau, kafin ƙarshen shekara ta cika da kanta, kai ba ka ajiye komai ba.

Ga kuma abin da ya fi kuɗi ciwo. A fanninmu muna ɗaukar murya: tatsuniya, kirari, hirar tsofaffi kan kalmomin da matasa suka daina faɗi. Awa ɗaya ta sauti a WAV ta haura mega 600, don haka diski ke cika da sauri. In wuta ta ƙona allon kwamfuta mai diskin cirewa, mai gyara zai zare diskin, ya jona shi a wata, aikinka ya dawo. In a liƙe yake, ya tafi tare da allon. Memuwar ana iya sake rubutawa da kuka. Tsohuwar da ta ba ka labari bara kuwa, ta yiwu bana ba ta nan. Kai ɗan likitanci, ke ƴar lauya, ku ma kuna da abin da ba ku son rasawa.

Na san abin da za a ce mini. Siririya ba ta karya kafaɗa a kan kabu-kabu, batirinta ya fi daɗewa, kuma a ƙasar da wuta ba ta da tabbas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yarda. Amma batirin okaziyo ya riga ya sha aiki, kuma wanda aka manne da gam ya fi wuyar canzawa fiye da wanda ake zarewa da yatsa biyu. Wani zai ce Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance sai ƙarni na takwas zuwa sama. Gaskiya ne. To nemi ta ƙarni na takwas mai gurbin RAM da gurbin M.2, suna nan. Ko ka sa Linux a tsohuwar, Praat da LibreOffice duk suna aiki a kai. Su kansu Turawan sun fara gajiya: tun Janairun 2021 doka ta tilasta a Faransa a rubuta wa kwamfutar hannu maki bisa goma na sauƙin gyaranta. Mai garanti ya nemi a gaya masa ko abu na gyaruwa, sai mu da ba mu da kowa ne za mu saya ido rufe?

Don haka in ka je saye, kada ka tsaya ga murfi. Juya ta. Ka ga bis ko sumul take? Ka sa mai shago ya buɗe a gabanka, ka ga RAM da diski da idonka. In M.2 ne, ka tambaya SATA ne ko NVMe, da kuma tsawonsa, 2242 ko 2280, don ba kowane ke shiga kowane gurbi ba. In ya ƙi buɗewa, ka yi masa sallama. In ya ce za a canza furosesa daga baya, ka ce ya nuna maka gurbin. Ƴan uwa mata, ku ne aka fi yi wa wannan wayo da zancen launi da rashin nauyi. Ku ma ku ce a buɗe. Kuma kowane ɗaki a site ya kamata a ce akwai turnabis guda da mutum ɗaya da ya iya sa SSD ya koya wa na kusa da shi. Kuɗin nan na iyayenmu ne, wani hatsi aka sayar, wani akuya. Abin da aka saya da su ya cancanci ya kai mu ƙarshen karatu.