Sharhi: Katako ɗaya, rasit goma: wa ke biyan harajin?

Duk wanda ya leƙa wurin kafintoci a Dakata ya tambayi kuɗin ƙofa ko gado, zai ji amsa ɗaya: katako ya yi tsada. Idan ya bi sawu zuwa kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo, dillalai za su nuna masa tarin rasit.

Mafi yawan katakon da Kano ke rufin gida da shi daga dazukan kudu yake zuwa, irin su na Ondo da Edo da Kuros Riba. Tun kafin a kayar da bishiya ake biyan kuɗin izini ga ma'aikatar gandun daji ta jihar. Mai injin tsaga katako ya biya na lasisi. Daga nan tirela ta kama hanyar arewa, inda masu tikiti ke tare ta da sunan jiha ko ƙaramar hukuma ko ƙungiya. Ta iso Kano, a biya kuɗin sauke kaya da na rumfa. Ga kuma tsadar man dizal.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan kuɗaɗe da ke tsayawa a aljihun dillali. Shi zai ɗora wa kafinta, kafinta ya ɗora wa uban da ke haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki, ko magidancin da ke neman rufe ginin da ya daɗe yana shan ruwan damina. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, masu buƙatar katakon ɗora kaya da akwatuna, su ma suna mayar da nauyin kan mai saye.

Abin takaici, doka ba ta yi shiru ba. Dokar jerin harajin da aka amince a karɓa, ta shekarar 1998, ta haramta kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta ya ce harajin da ake karɓa a hukumance ya haura kala 60, ban da na bayan fage. Sabbin dokokin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun zo da alƙawarin rage wannan tarin. Amma direban da aka tsayar cikin dare a hanyar Lokoja ba takardar doka zai duba ba, abin da ya fita daga aljihunsa zai ƙirga.

Ba a cewa a daina karɓar haraji a kan katako. Daji dukiyar al'umma ce, wanda ya sare dole ya biya. Tambayar ita ce: ina kuɗin ke tafiya? Dajin Falgore na ƙara ƙanƙancewa, hamada na matsowa, amma ba a nuna wa jama'a nawa aka tara da sunan gandun daji, nawa aka kashe wajen dashe. Haraji mai yawa kuma marar tsari yana hukunta mai bin ƙa'ida ne, ya bar kasuwa ga mai sarar dare.

Akwai darasi a maƙwabta. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka riƙa renon bishiyoyin da ke tsirowa a gonakinsu, musamman da suka tabbatar amfanin bishiyar nasu ne. An ƙiyasta cewa Nijar ta farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 ta haka. Manomi na kula da abin da ya san zai ci moriyarsa.

Don haka ya kamata Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano ta wallafa, da Hausa, jerin abin da ɗan katako zai biya, a haɗe shi cikin rasit ɗaya da za a biya ta banki. Gwamnonin jihohin da tirelolin ke ratsawa su yarda da rasit ɗin juna, su kwashe shingaye. A ware wani kaso sananne na kuɗin domin dashe. Manomin da ya shuka darbejiya ko turare a gonarsa kuwa, a sauƙaƙa masa izinin sara da sayarwa.

Su ma ƙungiyoyin 'yan katako su riƙe lissafi a rubuce, su ƙi biyan kuɗin da babu rasit ɗin gwamnati. Idan aka ci gaba da tatsar katako ba a dasa bishiya, wata rana mai karɓar harajin ma zai rasa abin da zai karɓa.