Sunan da Malam Ya Raɗa Mini

Shekara shida na yi a makarantar kwana ta 'yan mata. An hukunta mu a kan makara, an hukunta mu a kan yin Hausa a aji, amma ban taɓa ganin an tsawata wa wanda ya yi wa ɗaliba ba'a da jikinta ba. Wannan, a wurin hukumar makaranta, wasa ne.

Ni ce "sillan kara". Malami ne ya raɗa mini sunan ranar da na kasa amsa tambayar lissafi, aji ya kwashe da dariya, sunan ya bi ni har na gama. Maƙwabciyar gadona ita ce "buhun gero". Ta ƙaurace wa ɗakin cin abinci safe da dare, tana cika ciki da ruwa, har wata Litinin ta yanke jiki ta faɗi a wurin taron safe. Aka ce aljanu ne. Ni kuwa na sayi "sha ka fashe" a hannun wata ɗaliba. Sai da na girma na san cewa cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba akwai deksametason, maganin da ke kumbura fuska, ya hau da sukari da jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki idan aka daɗe ana sha ba da umarnin likita ba.

Masu kare makarantu za su ɗora laifin a kan fina-finai da TikTok. Ba na wanke su. Sai dai mu ba a bar mu da waya ba. Bakin malami da na manyan ɗalibai su ne madubinmu. Yarinya mai shekara 14, wadda jikinta ke girma, jinin al'ada kuma ke rage mata sinadarin ƙarfe duk wata, abinci take bukata, ga shi wurin da aka damƙa amanarta yana koya mata jin kunyar kwano.

Don haka nake cewa a rubuta zagin halitta cikin laifuffukan makaranta, hukuncin ya fara daga kan malamai. A riƙa lura da kujerar da ta zama wayam a ɗakin cin abinci kamar yadda ake lura da ta aji. Maƙwabciyar gadona ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, amma daga aji huɗu ba ta dawo ba, kuma babu malamin da ya tambayi dalili.