RA'AYINMU: Aikin Gayya Ba Ya Son 'Yan Kallo

Tun daga shekarar 2020, duk watan Oktoba akan fito da sabon zubin Python, watau harshen nan na rubuta wa kwamfuta umurni wanda da yawa daga cikinmu ke koyo a aji, wasu kuma ke cin abinci da shi a ofis. Ba a biyan ko kwabo kafin a same shi. To, da yake abin da aka samu a banza ba a cika tambayar asalinsa ba, mun ga ya kamata a wannan fitowa mu tsaya mu duba inda wannan alheri ke fitowa, da abin da ya wajaba a kanmu game da shi.

Wani Bature ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya fara ƙirƙiro harshen a birnin Amsterdam a ƙarshen 1989, ya sake shi ga jama'a a watan Fabrairun 1991. Bai kulle asirinsa ba. Ya bar rubutun a buɗe, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ƙara, ya rarraba. A 2001 aka kafa gidauniyar da ke riƙe da haƙƙin mallakar harshen, a 2018 shi Guido ya sauka daga shugabanci, tun 2019 kuma majalisar mutum 5 da masu aikin ke zaɓa ita ke yanke shawara. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san irin wannan tsari. Aikin gayya ne, sai dai gonar ta kowa ce, amfanin da aka girbe kuma ba ya ƙarewa don wani ya ɗiba.

Abu na farko da muke so ɗalibai su gane shi ne, kowane zubi yana da wa'adi. Shekara 5 ake kula da shi, da fari ana gyara kurakuransa, daga baya sai a taƙaita ga toshe kafofin da ɓarayi za su iya kutsowa, sa'an nan a saki hannu. Labarin Python 2 ya isa darasi. An fito da Python 3 a watan Disambar 2008, aka sa 2015 ta zama ƙarshen tsohon, mutane suka yi ta jan ƙafa har aka ɗaga wa'adin zuwa 1 ga Janairun 2020. Daga fitowar ƙarshe ta watan Afrilun wannan shekara, masu harshen ba su sake gyara shi ba. Bambancin kuwa ba na ado ba ne. A tsohon, in ka raba 5 gida 2 sai ya ba ka 2, ya yar da rabin; a sabon zai ba ka 2.5. Ma'aikacin da ke lissafin albashi ko fansho ya san abin da wannan rabin ke iya jawowa in ya taru.

Akwai kuma wani amfani da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Tsohon zubin ya ɗauki baƙaƙen Turanci su ne asali, har ɓ da ɗ da ƙ kan rikita aiki in ba a yi musu tanadi na musamman ba. Python 3 ya mai da tsarin Unicode, wanda ya ƙunshi baƙaƙen harsunan duniya, ya zama ginshiƙin rubutu. Saboda haka mai tattara sunayen ɗalibai ko kalmomin ƙamus ba shi da hujjar rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi. Wannan gyara bai faɗo daga sama ba. Mutanen da harsunansu ke shan wahala su suka yi magana, suka kuma sa hannu aka yi aikin.

Abu na biyu shi ne kwasa-kwasan horaswa. Ba mu ƙi a biya malami haƙƙinsa ba, gama ilmi ba ya samuwa sai da ɗawainiya. Abin da muka ƙi shi ne cinikin takardar shaida, inda ɗalibi zai zuba kuɗin da iyayensa suka sha wuya kafin su tara, a karanta masa tsohon darasi na mako biyu, a miƙa masa kwali mai hatimi. Ga gwaji mai sauƙi: in ka ga an rubuta umurnin print ba tare da baka biyu sun rufe abin da za a nuna ba, to, harshen da aka daina kula da shi tun 2020 ake koya maka. Ka tambayi mai kwas wane zubi yake koyarwa, ka kuma tambaye shi wane aiki za ka iya yi da hannunka ranar da ka gama. Littafin koyo na masu harshen yana nan kyauta a intanet. Ƙungiyar Django Girls, wadda wasu mata biyu 'yan ƙasar Poland suka fara a Berlin a 2014, ta nuna ana iya koya wa mata gina shafin intanet a zama na yini guda ba tare da an karɓi kuɗinsu ba, an kuma yi irin wannan zama a garuruwan Nijeriya da Ghana.

Abu na uku shi ne taro. An fara babban taron PyCon a Washington ta Amurka a 2003, na Nijeriya ya fara a Legas a 2017, na Afirka baki ɗaya kuma aka fara shi a Accra a watan Agustan 2019. Wasu na ɗauka yawon buɗe ido ne da karɓar riguna. Amma al'adar irin wannan taro ita ce, bayan an gama laccoci akan ware lokaci a zauna tebur guda, gwani da ɗan koyo, a gyara manhaja tare. A nan ne yaro kan ga gyaransa na farko ya shiga aikin da dubban mutane ke amfani da shi. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike.

Mun san abin da za a ce mana: wuta ba ta tsayawa, kuɗin data ya yi tsada, kuɗin mota zuwa Legas ma ya fi ƙarfin ɗalibi, balle tikitin jirgi. Gaskiya ne, ba kuwa za mu raina wannan uzuri ba. Sai dai laccocin waɗannan tarurruka ana ajiye da yawansu kyauta a YouTube, mutum ɗaya na iya saukewa ya raba wa ashirin. Manyan tarurrukan kuma kan ware tallafi ga wanda ba shi da hali, amma sai wanda ya nema ake ba. Taron gida kuwa ba ya bukatar kome illa ɗaki, da allo, da mutanen da za su cika alkawari.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su nemo ɗaki guda mai wuta, a tsai da rana ɗaya kowane wata don masu wannan sana'a su haɗu, a kuma tabbata an yi shi a lokacin da 'yan'uwanmu mata za su iya halarta. Muna roƙon malamanmu, cikin ladabi, su riƙa duba takardun darasinsu duk Oktoba. Ga ƙananan ma'aikata kuma, duk ranar da ɗan kwangila ya kawo wa ofishinku manhaja, ku tambaye shi a kan wane zubi ya gina ta, yaushe wa'adinsa zai cika, wa kuma zai kula da ita bayan nan. Dukiyar jama'a ce za a kashe, ku ne kuma za a bari da aikin in ta lalace.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, kada wani ya ce shi ƙarami ne. Wanda ya ga kuskure ya kai rahotonsa yadda za a gane, ya yi aiki. Wanda ya fassara darasi guda zuwa Hausa don ƙannensa, ya yi aiki. Wanda ya zaunar da abokinsa ya nuna masa abin da ya koya jiya, shi ma ya yi aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin kunya ne a ce shekara da shekaru muna cin tuwon gayya ba mu taɓa zuwa da fartanya ba. Kafin Oktoba mai zuwa, kowa ya zaɓi kunyar da zai nome. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.