A Bar Teyatur Ya Yi Magana da Bakin Gida

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa wanda ka sa dariya, hannunsa ba ya nauyin kyauta. Tashe ma shaida ne: daga goma ga watan azumi yara kan bi gida-gida da wasan raha, a sallame su da hatsi ko kuɗi. Saboda haka idan samarin Madawa, Buza ko Kaita suka shirya teyatur domin tara gudummawar gyaran rijiya ko rufin aji, ba baƙon abu suka kawo ba. Tambayar da ta shafe mu, ɗaliban kimiyyar harshe, ita ce: da wane baki za a yi wasan? Ra'ayina shi ne a yi shi da karin harshen ƴan kallo, Adaranci ne ko Gobiranci, ba tare da an goge shi ya koma daidaitacciyar Hausa ba.

A ɗauka labarin aminai biyu ne, an damƙa wa ɗaya asusun gari, sai ga shi da sabon babur. A zaure, kunya ba za ta bar kowa ya tanka ba. A dandali kuwa, amininsa na iya dafa shi ya ce, "Wa yac ci kuɗɗinmu?" Jama'a su kwashe da dariya, ma'ajin gaskiya da ke zaune cikinsu ya ji a jikinsa. Wannan "yac ci", da "munka" da "sunka", da "tahi" a maimakon "tafi", su ke sa mai kallo ya ji muryar maƙwabcinsa. Da zarar an mayar da su Hausar littafi, zancen ya koma sanarwar hukuma, wadda ake saurare da kunne ɗaya.

Tarihi ma ya goyi bayan haka. Bayan 1974, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya, teyatur ya bunƙasa a garuruwan Nijar. Binciken da Janet Beik ta wallafa a 1987 ya nuna cewa ƴan wasan ba rubutu suke haddacewa ba: sukan tsara ƙashin labari, kowa ya sa masa tsoka da bakinsa. Irin wannan sakin baki ne ya shigar da su Yazi Dogo zukatan jama'a. Haka nan wasan barkwanci tsakanin taubasai da ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014, ya halatta faɗin gaskiya mai ɗaci ba tare da an ɓata zumunci ba.

Wasu za su ce masu ba da kaso mai tsoka ƴan cirani ne da ke Abijan ko Legas, don haka gara Hausar da kowa ke ji. Amma ɗan Adar da ke Abijan, mene ne zai taɓa zuciyarsa fiye da muryar garinsu a cikin wayarsa? Wasu kuma na tsoron kada zolayar ma'aji ta sa mutanen kirki su guji riƙon amana. Ai mai gaskiya ba ya tsoron awo. Maganin abin shi ne a rufe wasa da karanta lissafi a bainar jama'a: nawa aka samu, nawa aka kashe.

A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin farin ciki ne, amma ɗaukaka Hausa ba ta nufin shafe kare-karenta. Daidaitacciyar Hausa tana da muhallinta a aji da takarda. Dandali kuwa na mutanen gari ne. Ya ku ƴan uwa ɗalibai, idan hutu ya zo, mu nemi izinin ƴan wasa, mu naɗi muryoyinsu, mu rubuta su yadda suka fito daga baki. Kafin mu tashi kuma, mu jefa namu a ƙwarya.